Musayar Malamai Tsakanin Makarantun Kirista: Wa Ke Zuwa, Wa Ke Karɓar Baƙi?

Abin da ake nufi da musayar malamai shi ne yarjejeniyar da makarantu biyu na ƙasashe daban-daban ke ƙullawa, ta yadda malamin wannan zai je ya koyar a waccan na ɗan lokaci, malamin waccan shi ma ya zo. Makarantun Kirista na Turai da Amurka sun daɗe suna ƙulla irin wannan zumunci da takwarorinsu na Afirka, suna kafa hujja da cewa masu imani ɗaya ƴan'uwan juna ne. Sai dai idan aka auna al'amarin da yanayin Sabon Gida da sauran garuruwan Madawa da Buza da Keita a Nijar, inda Kirista ƴan tsiraru ne a cikin al'ummar Musulmi, za a ga cewa tafiyar ta fi karkata gefe guda, kuma wannan karkata tana da tushe a tarihi.

Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, daga baya ta zauna a Tsibiri da Maraɗi, sannan ta buɗe asibitin Galmi a 1950, yamma da Madawa a kan babbar hanyar Birnin Ƙonni. Yawancin ma'aikatanta masu jin Ingilishi ne, da Hausa kuma suke wa'azi da koyarwa, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, alhali gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa ba ta yarda da makarantar boko sai da Faransanci. Kamar yadda Barbara Cooper ta nuna a littafinta na 2006 kan Kiristocin yankin Maraɗi, mishan ɗin ta fi ba da ƙarfi ga makarantun Littafi Mai Tsarki da aikin magani, kuma jinkirinta wajen ba da ilimin boko ya zama abin ƙorafi ga Kiristocin ƙasa. Saboda haka tun farko baƙo ne ke zuwa da abin koyarwa, ɗan ƙasa kuwa ya karɓa, kuma wannan sabo bai gushe ba ko bayan da ekilisiyar ƙasa ta EERN ta tsaya da ƙafarta a farkon shekarun 1960.

Matsalar harshe har yanzu ita ce kan gaba. Malamin da ya taso daga Amurka ko Ingila ya sauka a aji inda yara ke magana da Hausa a gida, suna kokawa da Faransanci a lakwal, ba zai iya koyar da darasi ko ɗaya ba sai da tafinta, kuma tafintan shi ne malamin ajin, wanda ake kira mushe. Ke nan mutumin da ya fi kowa sanin ɗalibansa ya koma mai maimaita maganar wani a gabansu. Ga kuma saɓanin lokaci, domin babban hutun malaman Turai da Amurka yana faɗowa ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da makarantun Nijar ke rufe, yara suna gona, azuzuwan zana kuma an kwance su saboda damina.

Dangane da ɗaya gefen tafiyar, wato zuwan malamin Madawa ƙasar waje, shingayen sun fi tsauri: fasfo da biza da kuɗin jirgi, ga shi Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Su ma baƙin hanyarsu ta ƙuntata tun sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak a 2016, da wani Ba'amurken a kusa da Birnin Ƙonni a 2020.

Abin takaici shi ne yadda ake ɗauka cewa malamin wannan yanki ba shi da abin koyarwa, alhali ƙasar Adar da Gobir ta riga ta koya wa duniya darasi. Dabarar sassabe na zamani, wato barin kututturen itace ya sake toho a gona ana yi masa aski har ya zama bishiya, ta bunƙasa ne a hannun manoman Maraɗi tare da Tony Rinaudo na SIM tun 1983, yau kuwa ana amfani da ita a ƙasashe da dama. Haka nan jerin bishiyoyin kare iska na kwarin Majiya a Buza, da aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984, sun zama wuraren da masana ke zuwa neman sani. Malamin da ke riƙe da aji cike maƙil ba tare da isassun littattafai ba, yana koyar da ƴaƴan Musulmi da na Kirista a kan benci ɗaya, iyayen duka suna amincewa da shi, yana da gwanintar da makarantun Kirista na biranen Turai, waɗanda su ma ɗalibansu Musulmi ke ƙaruwa, suke matuƙar buƙata. Wannan amana ba ƙaramin abu ba ce ga wanda ya tuna ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai a Janairun 2015.

Galmi da kanta ta nuna abin da ya fi ɗorewa, domin baya ga likitocin da ke zuwa na ƴan makonni, asibitin yana horar da likitocin tiyata ƴan Afirka na tsawon shekaru. Makarantu ma za su fi amfana da baƙon da zai zauna zangon karatu cikakke, ya koyi Hausa, ya yi aiki a ƙarƙashin shugaban makarantar da ya sauka. Sannan akwai abokan musaya na kusa da ake tsallakewa a tafi nesa, wato makarantun ekilisiyar ECWA a Kano da Jos, wadda ita ma daga SIM ta fito a 1954. Malamin Sabon Gida zai isa can a mota, ya tarar da masu jin harshensa, ya ga yadda suke haɗa Hausa da Ingilishi a aji, su kuma su zo su ga yadda Nijar ke gwada koyarwa da harshen gida tun 1973, gwajin da ya ƙara muhimmanci bayan da kundin tsarin ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.