Tantance dokin sukuwa

Tantance dokin sukuwa shi ne nazarin da ake yi wa doki kafin a shiga tsere domin a yi hasashen ko zai iya zuwa na ɗaya. Nazarin ya ƙunshi duba tarihin tseren da dokin ya yi a baya, da asalinsa, da lafiyarsa a ranar, da nauyin da zai ɗauka, da irin ƙasar filin, da kuma mahayin da zai hau shi. Masu saye da sayar da dawaki, da masu horar da su, da alƙalan gasa, da 'yan kallo duk suna yin sa, kowa da dalilinsa. A Ingila da Faransa da Amurka an mayar da shi ilimi na rubutu da lissafi. A ƙasar Hausa kuwa yawancinsa a ka yake, ana gadonsa a barga daga bakin manya.

Kalmomi

Hausa ta bambanta tsakanin tsere da sukuwa da ƙilisa. Tsere shi ne gasar gudu kowace iri, ko ta mutane ko ta raƙuma ko ta motoci. Sukuwa gudun doki ne mafi ƙarfi, kuma daga nan aka sami sunan filin sukuwa. Ƙilisa ita ce fita da doki don a motsa masa jini, ba don gasa ba. Da yawa daga sunayen kayan doki aro ne daga Larabci, kamar sirdi da linzami da likkafa, abin da ke nuna tsohuwar hulɗar da ke tsakanin ƙasar Hausa da Arewacin Afirka a harkar dawaki. Sunayen launi kuma suna da yawa: akawal, kili, bidi, hurde, gunya, danda, aharas. Akwai masu camfa wasu launuka da sa'a ko rashinta, amma launi ba ya ƙara wa doki gudu kuma ba ya rage masa.

Tarihi a ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa doki kayan yaƙi ne da sarauta, shi ya sa ake da sarautu irin su Madawaki da Shamaki da Sarkin Dawaki. Tseren da ake zagaya fili a kan tazarar da aka auna, da alƙalai da kofi, ya yaɗu ne a zamanin mulkin mallaka. An yi filayen sukuwa a Legas da Kano da Kaduna da wasu manyan garuruwa. A filin sukuwa na Legas aka yi bikin samun 'yancin kan Najeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960, kuma wurin ne ya koma Dandalin Tafawa Balewa. Na Kaduna shi ne Dandalin Murtala na yanzu.

Katsina ta yi suna a harkar dawaki tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, ya kuma kafa wasan folo a garin. Ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, yana cikin fitattun 'yan folo da Najeriya ta taɓa yi. A yau ana yin gasar sukuwa a garuruwa kamar Kano da Katsina da Bidda, a Nijar kuma a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma masu dawaki na ƙasashen biyu suna ziyartar gasar juna.

A kudancin Katsina, yankin Danja da Funtuwa da Malumfashi, dokin da aka fi gani na hawan sallah ne da na rakiyar ango, sai kuma wanda ke juya injin matse rake a wurin yin mazarƙwaila. Waɗannan ba dawakan gasa ba ne. Dokin hawa ana so ya yi ƙiba da kwarjini, ya jure kayan ado masu nauyi da ƙarar bindiga. Dokin sukuwa ana so ya zama marar teɓa. Kuskuren da sabon ɗan kallo ya fi yi ke nan: ya zaɓi ingarman da ya fi cika ido, sai wani siriri da ba a kula da shi ba ya wuce shi tun a kwanar farko.

Duba dokin da ido

Masana dawaki na gida sukan fara da ƙafa. Ana duba kofato ko ya tsage, a shafa jijiyoyin ƙafafun gaba a ji ko akwai zafi ko kumburi, sannan a sa a ja dokin ya yi sassarfa a kan ƙasa mai tauri. Dokin da ƙafarsa ta gaba ke ciwo yakan ɗaga kai duk lokacin da ƙafar ta taka ƙasa. Bayan ƙafa sai ƙirji mai zurfi, da ƙofofin hanci masu faɗi, da kuturi mai tsoka, domin ƙarfin tunkuɗawa daga ƙafafun baya yake fitowa.

Shekaru a baki ake karanta su. Haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su a shekara uku da rabi, na gefe a shekara huɗu da rabi, don haka dokin da ya cika shekara biyar bakinsa ya cika. Wannan yana da amfani a inda ba a rubuta ranar haihuwar dukushi, kuma mai sayarwa yana iya rage wa dokinsa shekaru.

A ranar gasa ana lura da gashin jiki ko yana sheƙi, da yadda dokin ke taku, da gumi. Ɗan gumi a wuya ba komai ba ne, musamman da zafin bazara. Amma dokin da ya jiƙe sharkaf da kumfa tun ba a tashi ba, yana fizge-fizge, alama ce ta cewa ya ƙona ƙarfinsa a tsorace. Masu tambaya sukan bi ɗan barga su ji ko dokin ya cinye dawarsa da harawarsa a daren jiya, domin dokin da ya bar abinci da wuya ya kasance lafiya lau.

Jinsi da asali

Ba a haɗa kowane doki da kowane a tsere ɗaya. A gasar Najeriya da Nijar ana raba su aji-aji, inda dawakan gida da ake kira Arewa ke gudu da junansu, dawakan Sudan da suka fi su tsayi su ma da nasu ajin, haka kuma dawakan tsere na Turawa da ake shigowa da su. Nasarar da doki ya samu a ƙaramin aji ba ta nuna abin da zai yi idan aka ɗaga shi sama.

Jinsin tsere na Ingila an rubuta asalinsa tun 1791, lokacin da James Weatherby ya fara fitar da littafin nasabar dawaki. Ta wajen uba, dukkan dawakan jinsin suna komawa ga ingarmu uku da aka kai Ingila daga Gabas: Byerley Turk da Darley Arabian da Godolphin Arabian. Nasaba ta fi amfani ga dokin da bai taɓa shiga tsere ba, domin ita kaɗai ce abin dubawa. Da zarar ya yi gudu uku ko huɗu, abin da ya yi da ƙafarsa ya fi sunan ubansa nauyi.

Karanta tarihin tsere

A takardar gasa ta Ingila akan sa jerin lambobi kusa da sunan kowane doki. Ana karantawa daga hagu zuwa dama, lambar ƙarshe ita ce tsere mafi kusa. Idan aka rubuta 52-131, ma'anarsa a kakar bara ya zo na biyar sannan na biyu, a bana kuma ya zo na ɗaya, na uku, sannan na ɗaya. Sifiri na nufin bai shiga cikin tara na farko ba. Harafin F na nufin ya faɗi, P mahayi ya tsayar da shi, U kuma ya ka da mahayinsa. C na nuna ya taɓa cin gasa a wannan filin, D kuma ya taɓa ci a kan wannan tazarar.

Lambobin kaɗai suna yaudara. Dokin da ya zo na huɗu cikin gwanaye ashirin, da ratar tsawon doki ɗaya, ya fi wanda ya zo na ɗaya cikin raunana biyar. Don haka mai nazari yakan tambayi su wa aka yi gudun da su, da ratar da aka ba shi, da abin da abokan gudun nasa suka yi daga baya. A inda babu takarda, wannan aikin ƙwaƙwalwar 'yan barga da tsofaffin mahaya ke yin sa, yanzu kuma da bidiyon waya da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook.

Wasu sun mayar da nazarin lamba guda. Phil Bull ya kafa kamfanin Timeform a Ingila a 1948, wanda ke ba kowane doki maki. Frankel, wanda ya ci dukkan tsere 14 da ya shiga daga 2010 zuwa 2012, ya sami maki 147. A Amurka Andrew Beyer ya yaɗa hanyar auna saurin doki da agogo tare da gyara lissafin gwargwadon saurin filin a ranar.

Tazara, ƙasa da nauyi

Doki mai zafin tashi yakan ci tseren mita 1,000 ko 1,200 amma ya sare a mita 2,000, wani kuma sai an yi nisa yake buɗe ƙafa. Kaɗan ne ke haɗa biyun.

Ƙasar fili ma tana sauya sakamako. Arewacin Katsina da Daura da Maraɗi jigawa ce, ƙafa na nutsewa a rairayi. Ƙasar kudu wajen Funtuwa da Danja ta fi laka, da rani ta yi tauri kamar daɓe, da damina ta yi santsi da danƙo. Dokin da ya saba da ɗaya yakan sha wuya a ɗayar, kuma ƙasa mai tauri tana tayar da tsohon ciwon jijiya.

A gasar da ake daidaita dawaki da nauyi, alƙali yana ɗora wa wanda ya fi ƙarfi kaya mafi nauyi ta hanyar sa dalma a ƙarƙashin sirdi. Ƙiyasin da aka saba da shi a Ingila shi ne a tseren mita 1,000 laba uku daidai take da tsawon doki ɗaya, a mil ɗaya laba biyu, a mil biyu laba ɗaya. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. Admiral Rous ne ya tsara ma'aunin rangwamen nauyi ga ƙananan dawaki a tsakiyar ƙarni na 19, kuma har yanzu ana amfani da shi bayan gyare-gyare. Saboda nauyi ne masu dawaki a Arewa suka fi son mahaya matasa marasa jiki. Sai dai rashin nauyi ba ya maye gurbin sanin lokacin da za a riƙe doki da lokacin da za a sake shi, kuma yaron da ya saki linzami tun daga tashi sau da yawa shi ake wucewa a mita ɗari na ƙarshe.

Iyakar hasashe da batun caca

A Ingila dokin da jama'a suka fi sa wa rai yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na tsere ne kawai. A gasar Grand National ta 1967, Foinavon, wanda aka ba damar ɗaya cikin ɗari, shi ya ci, bayan wani doki marar mahayi ya haddasa karo a shinge na 23 ya tsayar da kusan duk na gaba.

A Turai nazarin ya ɗaure da caca. Joseph Oller ya ƙirƙiro tsarin tara kuɗin masu caca wuri ɗaya a Faransa a shekarun 1860, inda mai shirya cacar ke cire kasonsa kafin a raba sauran ga waɗanda suka dace. Saboda wannan cirewar, jimillar abin da masu caca ke karɓa kullum ba ta kai abin da suka zuba ba. A Nijar hukumar LONANI tana sayar da tikitin PMU a kan tseren da ake yi a filayen Faransa.

Musulunci ya halatta tseren dawaki. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibnu Umar cewa Annabi (SAW) ya shirya tsere a Madina, inda aka ba dawakan da aka horar tazara mai tsawo, waɗanda ba a horar ba kuma gajeriya. Malamai sun yarda a ba da kyauta idan ta fito daga wani na daban, kamar sarki ko mai ɗaukar nauyin gasa. Cacar 'yan kallo kuwa haramun ce, kuma jihohin da suka ƙaddamar da shari'a daga 1999, ciki har da Katsina da Kano, sun hana ta a dokokinsu.