Fatauci Tsakanin Taurari: Tarihin Wasan Tebur da Mutum Ke Yi Shi Kaɗai

A shekarar 1982 wani kamfani da ke birnin Dallas na Amurka, mai suna Heritage, ya fitar da wasa a cikin ɗan ƙaramin kwali. Sunan wasan Star Smuggler, wato ɗan fasa-ƙwaurin taurari, kuma Dennis Sustare ne ya tsara shi. Mutum ɗaya ke yin sa. Kai ne Duke Springer, matuƙin wani kumbo da aka saya da bashi, ga kuɗin ruwa da ake biya duk mako, ga taurari goma da za ka iya zuwa neman abin biya. Babu wanda zai ce maka ka nufi gabas ko yamma. In ka ga dama ka yi fataucin halal, in ka ga dama ka ɗauko kayan da kwastan suka hana, ko ka yi jigilar fasinja, ko ka shiga kangayen tsofaffin birane kana tonon abin sayarwa. Abu ɗaya ne ba ya canzawa: ranar biya tana zuwa.

Wasannin da suke da wannan siffa suna da suna a Turanci wanda ma'anarsa akwatin yashi, irin wanda ake zuba wa yara su gina abin da ransu ya so. Ana ba ka duniya da dokokinta, kai ka zaɓi hanyar rayuwarka a ciki. Sai dai akwai matsalar da duk wanda ya taɓa rubuta manhaja zai gane da wuri. Idan mutum yana zaune shi kaɗai, shi ke motsa komai a kan tebur, ta yaya duniyar za ta ba shi mamaki? Wa zai ɓoye masa abin da ke bayan tauraro na gaba? Shekara arba'in da wani abu masu tsara wasanni suna kokawa da wannan tambaya, kuma amsoshin da suka samu su ne tarihin da muke son bi.

Jadawali da ɗan ludo

Amsa ta farko ta zo a 1977, shekarar da fim ɗin Star Wars ya fito. Marc Miller na kamfanin Game Designers' Workshop da ke jihar Illinois ya buga Traveller a ƙananan littattafai uku masu baƙin bango. An yi shi ne domin rukunin abokai, ɗaya daga cikinsu ya zama alƙalin wasa mai ba da labari. Amma Miller ya cika littattafan da jadawali, ta yadda kusan kowace tambaya tana da amsa a jifan 'ya'yan ludo biyu.

Kana son yankin sararin samaniya? Zana gidaje masu kusurwa shida, takwas a kwance goma a tsaye, ka jefa ɗan ludo a kan kowane gida ka ga ko akwai duniya a wurin. In akwai, ka sake jefawa don sanin girmanta, iskarta, yawan ruwanta, yawan mutanenta, irin gwamnatinta, tsananin dokarta da ci gaban fasaharta. Duk wannan ana rubuta shi a layi ɗaya na harufa da lambobi. Da lamba ta wuce tara sai a koma A, B, C, yadda muke yi a lissafin kwamfuta. Duniya guda da al'ummarta tana shiga cikin alamomi takwas.

Shi ma jarumin da za ka zama, jadawali ke haifar da shi. Yana shiga aikin soja ko na jiragen kasuwanci, wa'adin shekara huɗu-huɗu, kuma a kowane wa'adi sai an jefa an ga ko ya rayu. Abin da Traveller ya yi suna a kai ke nan: mutum na iya mutuwa tun ba a fara wasan ba. In ya tsira ya samu jirgin fatauci, to da jinginar shekara 40 ya same shi, ana biya wata-wata. Kowane tsalle daga tauraro zuwa tauraro yana cin kusan mako guda, ga kuɗin mai, ga albashin ma'aikata. Nan da nan mutane suka gane cewa ba sa buƙatar alƙali. Takarda, fensir da 'ya'yan ludo sun isa mutum ya kwana yana saye a nan yana sayarwa a can.

Darasin da Traveller ya bar wa na baya shi ne cewa 'yanci ba ya da ɗanɗano sai akwai abin da ke matsa maka. Idan babu bashi, zuwa kowace duniya daidai yake da zuwa kowace, zaɓi ya zama wasan banza. Bashin ne ke sa mutum ya tsaya yana auna ko ya ɗauki kayan da zai ci riba kaɗan lafiya, ko wanda zai biya wata uku in an tsallake 'yan sintiri.

Littafin da ke ɓoye labari

Jadawali na iya ba da lamba, amma ba ya iya ba da labari. Amsa ta biyu ta cike wannan giɓi. A 1981 mujallar Ares ta kamfanin SPI da ke New York, wadda ke saka wasa a cikin fitowarta, ta kawo Voyage of the B.S.M. Pandora, wanda John Butterfield ya jagoranci tsara shi. Kana jan ragamar jirgin masu binciken halittu, kana sauke ma'aikata a baƙin duniyoyi. Duk inda ka taka, dokar wasan za ta tura ka zuwa wani sakin layi mai lamba a cikin littafi. An hargitsa jerin sakin layin da gangan don kada ido ya tsinci abin da ke gaba.

Star Smuggler ya ɗauki wannan dabara ya haɗa ta da fataucin Traveller. Littafi ɗaya na dokoki ne, ɗaya na abubuwan da ke faruwa. Ka shiga kasuwa, ka jefa, a ce maka duba lamba kaza. Can za ka tarar da mai neman a kai shi wata duniya a ɓoye, ko ɗan sanda mai son ganin takardu, kuma kowane zaɓi yana tura ka wata lamba. Mu masu rubuta manhaja idan muka kalli littafin, abin da muke gani shiri ne na kwamfuta sak: in kaza ya faru je ka layi kaza, in bai faru ba je ka wancan. Bambancin kawai shi ne, injin da ke bin umarnin mutum ne mai jini a jika.

Rauninsa kuwa a bayyane yake. Littafi yana da iyaka. Wanda ya yi wasan sau goma zai fara haddace lambobin, ya san wadda ke kawo alheri da wadda ke kawo harsashi.

Lokacin da kwamfuta ta karɓe aikin

A watan Satumba na 1984 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Cambridge a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fitar da Elite a kan kwamfutar BBC Micro. Ƙwaƙwalwar injin kilobait 32 ce kacal, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya na wayar yau ba. Duk da haka wasan yana da gungun taurari takwas, kowanne da duniyoyi 256, jimla 2,048, kowacce da sunanta, tattalin arzikinta da farashin kayanta. Ba su adana duniyoyin ba. 'Yan lambobi kaɗan suka ajiye a matsayin iri, sai lissafi ya riƙa tsiro da kowace duniya duk lokacin da aka buƙace ta, kuma kullum iri ɗaya take fitowa. Aikin da mai Traveller ke yi da fensir a dare guda, injin yana gama shi kafin ƙiftawar ido.

Kana farawa da kuɗi 100 da ƙaramin jirgi, ka zama ɗan kasuwa, ɗan fashi ko mafaraucin 'yan fashi. Ga sirri, ga faɗi, ga abokan gaba masu motsi da kansu. Duk wanda ya duba a lokacin zai ce kwali ya gama yayi. Kamfanonin ma sun yi ta faɗuwa: SPI ya durƙushe a 1982, Heritage bai daɗe ba ya bi sahu.

Duk da haka tebur bai mutu ba. A 1988 Avalon Hill ya fitar da Merchant of Venus na Richard Hamblen. Al'ummomi 14 ne a taswirar, amma ana kife alamominsu a farkon wasa, ba ka san wa ke zaune a ina ba sai ka isa. Tunda kowace al'umma tana da abin da take sayarwa da abin da take saye, hanyar riba tana canzawa a kowane zama. Hamblen ya nuna cewa kifaffen kwali ma yana iya riƙe sirri, ya kuma tanadi hanyar da mutum ɗaya zai yi wasan yana fuskantar wasu mahara da dokoki ke tafiyar da su.

Dawowar kwali

Bayan fitowar Catan a Jamus a 1995, kasuwa ta karkata ga gajerun wasanni masu tsari a tsuke. Manyan wasannin yawo a sarari sun dawo ne bayan an buɗe dandalin Kickstarter a 2009, inda mai tsara wasa ke karɓar kuɗi kai tsaye daga masu so kafin a buga. Ta nan Cody Miller ya samo kuɗin Xia: Legends of a Drift System, wanda ya fito a 2014. A Xia ana gina taswirar ne yayin da ake tafiya. Kana iya tsayawa ka leƙa yankin da ke gabanka, ko ka faɗa masa da ka don ka rage ɓata lokaci, in kuwa tauraro ka faɗa wa, jirginka ya ƙone. Nasara tana ga wanda ya tara suna, ta kasuwanci, haƙar ma'adinai, bincike ko faɗa. Akwai kuma jirage uku da ba na kowa ba, ɗan kasuwa, ɗan doka da ɗan fashi, kowanne yana bin umarnin da ke kan katinsa. A 2017 aka ƙara wa wasan wani kashi da ya ba mutum ɗaya damar yin tsere da waɗannan jirage.

Wannan ita ce amsa ta uku: abokin hamayya na kati. Wani ɗan ƙasar Denmak, Morten Monrad Pedersen, ya yi fice wajen gyara wannan fasaha tun daga 2014 da tsarin da ya kira Automa. Hikimarsa ita ce, ba dole katin ya yi wasa kamar mutum ba. Ya isa ya yi maka abin da mutum zai yi maka: ya riga ka kasuwa, ya tare maka hanya, ya tara maki don ka ji ana bin ka a baya. Star Wars: Outer Rim na 2019 ya bi irin wannan hanya, inda 'yan katuna ke tuƙa abokin takararka, ana rige-rigen kai wa maki goma na suna. Shi ma Butterfield na Pandora ya dawo a 2018 da SpaceCorp, shekara 37 bayan wancan wasan, da nasa katunan masu hamayya. Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, masu wasa da yawa suka gano cewa kwalayen da ke kan kantarsu ba sa buƙatar baƙo.

Abin da waya ba ta bayarwa

To me ya sa mutum zai share rabin awa yana jera kwali, alhali wayar da ke hannunsa tana iya zana masa taurari dubu? A ganinmu amsar tana cikin sanin wanda ke riƙe da dokoki. Mu da muke aikin manhaja mun san cewa abin da mai amfani yake gani a fuskar waya ɗan kaɗan ne daga abin da ke gudana. Idan wasan waya ya hana ka nasara sau uku sannan ya nuna maka abin da za ka saya, ba ka da hanyar sanin ko sa'a ce ta ƙi ko an tsara hakan ne. A kan tebur kuwa injin a buɗe yake. Ka san cewa a jifan 'ya'yan ludo biyu bakwai ta fi kowace lamba fitowa, sau shida cikin 36, sha biyu kuma sau ɗaya tak. Da wannan sanin kake yanke shawarar ɗaukar kasada. In dokar ba ta yi maka ba, kana iya canza ta da fensir. Sannan kwali ba ya aiko maka da saƙo da tsakar dare yana cewa ka dawo.

Buɗaɗɗen injin yana zuwa da nasa nauyin. Tunda kai ne matuƙi, kai ne kwastan, kai ne mai bin bashi, babu abin da zai hana ka sake jefa ɗan ludo idan ya faɗi a inda ba ka so, ko ka leƙa sakin layi na gaba kafin ka zaɓa. Babu shaida. Amma wanda ya yi haka sau ɗaya ya rushe abin da ya zauna dominsa, don bashin Duke Springer ba ya da wani ƙarfi sai wanda mai wasan ya yarda ya ba shi. Kwamfuta tana tilasta maka bin doka. Tebur yana barin ka da amanarka.

Waɗannan manyan kwalaye suna da tsada, kawo su daga waje kuma ya fi sayen su wahala. Sai dai tushen abin bai taɓa dogara da kayan alatu ba. Masu haƙƙin Star Smuggler sun daɗe da yarda a sauke shi kyauta a intanet a buga a takarda. Wanda kuma yake da littafin rubutu, fensir da 'ya'yan ludo biyu, yana da duk kayan aikin da Marc Miller ya nema a 1977. Ya zana gidajensa 80, ya rubuta jadawalin farashi, ya ɗora wa kansa bashin da zai biya a ƙarshen kowane wata, sannan ya jefa ya ga duniyar da ke gida na farko.