Samaru da Tsarin Magabata: Abin da Jami'ar Ahmadu Bello Ta Sa Gaba Daga 1962

Duk Bazazzagin da neman abinci ya kai shi Legas ko Abuja ko Fatakwal ya san wannan: da zarar ya ambaci garinsu, sai wani a wurin ya ce ai a Samaru ya yi karatu, ko ɗansa na can, ko kuwa yana neman wanda zai sa masa baki a samu gurbi. Mun saba da jami'ar nan har mun ɗauke ta kamar dutsen Kufena, abin da muka buɗe ido muka tarar. Alhali kuwa mutane ne suka zauna suka tsara ta, suka ce wannan za a fara yi, wancan ya jira. Tarihin wannan zaɓi ne muke son waiwaya a fitowar bana, domin yawancinmu 'ya'yanmu can suke nufa.

A shekarar 1959, ana gab da samun mulkin kai, gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sir Eric Ashby domin ya duba irin ilimi mai zurfi da ƙasar za ta buƙata cikin shekaru ashirin masu zuwa. A lokacin jami'a ɗaya tak ake da ita, wato Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948. Rahoton ya fito a 1960, ya yi hasashen ɗalibai 7,500 a jami'o'in ƙasar kafin 1970, ya kuma ba da shawarar a kafa jami'a a Jihar Arewa. Marigayi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, bai tsaya jiran komai ba. Manufar gwamnatinsa ta cike ma'aikatu da 'yan Arewa ba za ta yiwu ba idan babu injiniyoyi da lauyoyi da malaman gona na gida.

Me ya sa Zariya, ga Kaduna hedikwata, ga Kano cibiyar kasuwanci? Amsar ita ce ba daga fili aka fara ba. A Samaru akwai tashar binciken aikin gona tun 1922, da kuma reshen Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya mai koyar da injiniya da zanen gine-gine da zane-zane. A Shika akwai gonar binciken dabbobi tun 1928. A Kongo akwai Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mulki, wadda ta samo asali a 1947, inda ake koyar da ma'aikatan En'e, kuma a nan aka horar da alƙalai kan sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa. Waɗannan aka tattara, aka haɗa da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka buɗe jami'a ranar 4 ga Oktoba, 1962, Sardauna a matsayin Uban Jami'a, Dakta Norman Alexander, mutumin Niyuzilan, a matsayin shugabanta na farko.

Tsangayoyi huɗu aka fara da su: aikin gona, injiniya, shari'a da kimiyya, da sassa 15. Duk wanda ya dubi wannan jeri ya san abin da gwamnatin Arewa ke so. Amma akwai adadin da ya kamata mu tsaya a kansa. Ɗalibai 426 ne aka buɗe da su, kuma 147 kaɗai ne daga cikinsu 'yan Arewa. Wato an gina rijiya, amma masu guga kaɗan ne a unguwar. Makarantun sakandare masu ajin share fagen shiga jami'a ba su taka kara sun karya ba a duk faɗin jihar, ko da an haɗa da tamu ta Barewa, wadda ta baro Katsina zuwa Kaduna, ta zauna a Zariya a 1949.

Wanda wannan matsala ta faɗo wa a ka shi ne Dakta Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya karɓi shugabanci a 1966, shekarar da aka kashe Sardauna. Bai daɗe da zama ba aka rushe Jihar Arewa a 1967 aka mai da ita jihohi shida, sai ga jami'a ta wayi gari ba ta da uba ɗaya. Hukumar riƙon ƙwarya ta ayyukan haɗin gwiwa da ke Kaduna ce ta riƙa tattaro kuɗi daga jihohin, ga kuma yaƙin basasa. A cikin wannan hali ne aka yanke shawarar da muke ganin ta fi kowace muhimmanci a tarihin jami'ar: tun da makarantun sakandare ba za su iya kawo isassun ɗalibai ba, jami'a za ta yi aikin da kanta. Aka kafa Makarantar Share Fage a cikin harabar Samaru, ana ɗauko yaro da ya gama aji biyar daga Katsina-Ala ko Gumel ko Mubi, a gyara shi, sannan ya shiga karatun digiri.

Ba kowa ne ya yi na'am da wannan ba. Akwai masu ganin cewa an saukar da martabar jami'a, an mai da farfesoshi malaman sakandare. Ba za mu ce ba su da hujja ko kaɗan ba, domin lokaci da kuɗin da aka zuba a nan daga wani wuri aka yanko su. Sai dai idan mai karatu ya lissafa gwamnoni da manyan sakatarori da alƙalai da likitocin Arewa na shekarun 1980 zuwa yau, zai iske da yawansu ta wannan ƙofa suka shigo. Da an bi ra'ayin masu cewa a jira sakandare ta gyaru, da jami'ar Arewa ta ci gaba da yaye 'ya'yan wasu shekaru masu yawa.

A wannan zamani ne kuma jami'a ta miƙe ƙafa. An buɗe Tsangayar Likitan Dabbobi da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, aka buɗe Tsangayar Likitanci a 1967, ana koyarwa a asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi. Cibiyar Ilimi ta riƙa kula da kwalejojin horon malamai. Kwalejojin aikin gona na Samaru da Kabba da Mando suka shigo ƙarƙashinta. A 1970 aka kafa Gidan Arewa a tsohon gidan Sardauna a Kaduna, inda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci tattara tarihinmu daga rubuce-rubucen malamanmu na da. Manufar a fili take: jami'ar ta taɓa rayuwar manomi da makiyayi da malamin firamare, ko da bai taɓa taka harabarta ba.

Shekarar 1975 ta canza komai. Gwamnatin tarayya ta karɓe jami'ar, ta kuma shiga kafa sababbi guda bakwai, huɗu daga ciki a Jos da Maiduguri da Sakkwato da Kano, ban da Ilorin. Kwalejin Abdullahi Bayero ta balle, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Daga Samaru aka kwashi malamai da dama da suka je suka kafa waɗannan. Kuɗin mai ya shigo, aka gina ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da manyan ɗakunan kwanan ɗalibai, aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi a 1976. Amma tun daga nan alƙalamin tsarawa ya bar Zariya. Hukumar Kula da Jami'o'i ke raba kuɗi, daga 1978 kuma hukumar JAMB ta shiga harkar ɗaukar ɗalibai. Jami'ar da aka gina domin buƙatun yanki ɗaya ta koma ɗaya daga cikin 'ya'ya masu yawa da ke jiran kaso daga Legas, daga baya Abuja.

Abin da ya biyo baya manyanmu ba sa son tunawa da shi, mu ma ba za mu daɗe a kai ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, albashin farfesa ya daina kai shi ƙarshen wata. Malamai baƙi suka koma, namu ma suka bi su, likitoci zuwa Saudiyya, wasu zuwa Ingila da Amurka. An zubar da jinin ɗalibai a 1978 da kuma watan Mayun 1986. Rikicin cikin gida ya yi tsanani har gwamnatin soja ta naɗa Manjo Janar Mamman Kontagora kantoma a 1995, ya riƙe jami'ar zuwa 1998. Duk tsawon wannan lokaci adadin ɗalibai bai daina hawa ba. Ɗakin da aka gina domin mutum biyu ya koma na shida ko fiye. Wanda ke fama da biyan albashi da kuɗin lantarki ba ya zancen shekaru ashirin masu zuwa.

Akwai abin lura a nan. Cibiyoyin bincike sun fi tsangayoyi jure wannan fari. Dalili kuwa, a ganinmu, aikinsu ƙayyadadde ne, kuma kuɗinsu ta wata hanya daban yake zuwa, wato ta ma'aikatar gona. An ce wa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ga amfanin gonar da za ta kula da shi: dawa, masara, wake, gyaɗa, auduga. Bayan da kuturtar gyaɗa ta yi mummunar ɓarna a 1975, ta taimaka wajen rushe dalar gyaɗa ta Kano, masanan Samaru suka duƙufa neman irin da ke jure cutar. Duk irin da ka ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMNUT ko SAMMAZ ko SAMCOT, daga bayan gidanmu ya fito. Haka cibiyar dabbobi ta Shika ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown. Wanda ya san takamaiman abin da aka aike shi, ko guzuri ya yi ƙaranci yakan kai saƙo.

Da aka dawo mulkin farar hula a 1999, sai zancen rubutaccen tsarin ci gaba ya shigo jami'o'in ƙasar nan. Gidauniyoyin MacArthur da Carnegie na Amurka sun zaɓi jami'o'i 'yan kaɗan domin tallafi, Samaru na ciki, kuma mai ba da kuɗi yakan so ya ga a rubuce inda aka dosa. A wannan zango aka sa intanet da kwamfutoci a gaba, da tura matasan malamai karatun digiri na uku. A 2004 aka kunna na'urar nukiliya ta bincike a Cibiyar Makamashi, ita ce ta farko a Nijeriya, ƙarama ce mai ƙarfin kilowat 30, ana amfani da ita wajen gano sinadaran da ke cikin ƙasa da ma'adinai da abinci. A 2018 aka sauya mata makamashi zuwa wanda ba a iya yin makami da shi. A 2005 asibitin koyarwa ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika, bayan shekaru masu yawa muna wuce gine-ginen a kan hanyar Funtuwa, ciyawa na cin su.

Harajin ilimi da ya biyo bayan yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i da gwamnati ta 1992, wanda ya zama asusun TETFund a 2011, shi ya kawo yawancin sababbin gine-ginen da muke gani idan mun zo gida hutun Sallah. Mun gode da su. Sai dai gini ya fi sauƙin nunawa da sauƙin buɗewa da almakashi. Abin da ba a gani daga bakin titi shi ne ko ɗakin gwaje-gwajen yana da wuta da ruwa da sinadarai, da kuma ko malamin da aka kashe wa kuɗi ya yi digiri na uku yana nan ko ya tafi.

Yanzu kusan kowace jiha a Arewa tana da jami'ar tarayya da ta jiha, Kaduna ma ta kafa tata a 2004. Aikin da Sardauna ya ɗora wa Samaru, na samar da ma'aikata ga Arewa, ya samu masu taya ta. Tambayar da ke gaban masu tsara makomarta ita ce ko za ta ci gaba da faɗaɗa ƙofar digirin farko, ko za ta taƙaita, ta mayar da ƙarfinta kan manyan digirori da bincike, ta zama mai horar da malaman sauran jami'o'in. Mu a ra'ayinmu na biyun ne ya fi dacewa da gadonta. Amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: mu ma muna cikin masu hana hakan. Ƙa'idar gwamnatin tarayya ta ware kashi 45 na gurabe domin cancanta, 35 domin yankin da jami'a take, 20 domin jihohin da ke baya a ilimi. Duk da wannan rangwame, kowace shekara mu ne ke aiko da sunaye daga birane, kowa da ɗan 'yar'uwarsa, kuma kowa likitanci ko shari'a yake so. Kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar halin da sakandaren ƙauyensu take ciki, alhali ita ce matsalar da Ishaya Audu ya tarar tun 1966.

A ƙarshen 2019 aka amince da sakin irin waken SAMPEA 20-T, wanda masanan Samaru da abokan aikinsu suka shafe kimanin shekaru goma suna gwadawa, domin ya jure tsutsar da ke huda kwanso, manomi ya rage yawan feshi. Shekaru uku bayan haka, a 2022, tashar binciken ta cika shekara 100, jami'ar kuma ta cika 60 ranar 4 ga Oktoba. Ranar ta iske ɗakunan lacca a rufe, domin yajin aikin malaman jami'o'in ƙasar da aka fara tun 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, bayan wata takwas cur ɗalibai na gida.