Asalin Gidan Tsumburbura na Kano

Baƙo in ya shiga birnin Kano, da wuya a bar shi ya tafi bai hau Dutsen Dala ba. In ya kai ƙololuwa yana haki, tambayarsa ta farko ita ce, ina gidan Tsumburbura? Yaran unguwa sukan nuna masa wani rami a kan dutsen. Amma littafin Tarihin Kano, wanda Bature Palmer ya fassara a 1908, a ƙasa ya nuna wurin yake.

Ga yadda abin ya faro. Wani maharbi mai suna Dala ya zo ya zauna a kan dutsen, aka sa wa dutsen sunansa. Cikin zuriyarsa aka haifi Barbushe, ƙato, wanda aka ce da sanda yake kashe giwa ya ɗauko ta a ka. Shi ne mai kula da Tsumburbura, abar bautar mutanen wurin, wadda mazauninta wata itaciya ce da ake kira Shamus, an kewaye ta da katanga. Ba mai shiga sai shi. Sau biyu a shekara yake saukowa daga dutsen, jama'a su taru a gindin dutse da baƙin bunsuru, baƙar kaza da baƙin kare. Ya shiga cikin katangar da dare, da asuba ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Har ya gaya musu wani baƙo zai zo ya mallake su.

Baƙon kuwa, Bagauda, ya zo a 999. Jikansa Gijimasu ya soma ganuwa. Sarki Tsamiya, wanda ya hau a 1307, ya rushe katangar Tsumburbura da yaƙi. Wangarawa suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, aka kafa masallaci a gindin itaciyar, sannan a zamanin Muhammadu Rumfa aka sare ta.

Shi ya sa yau babu ko tubali ɗaya na gidan. Dutsen kansa ne ya rage, wanda masu tonon tarihi suka gano ana narka tama a gindinsa tun ƙarni na 7. Abin takaici, gidaje sun matse shi ta kowace fuska, ruwan damina na zaizaye shi, ganuwar da ake hangowa daga samansa kuma mutane na ta ɗibar ƙasarta suna gini.