Bursi, yajin karatu da sulhun da muka manta

Duk ranar 9 ga Fabrairu, ƴan lakwal a Nijar suna ajiye alli da takarda don tunawa da abin da ya faru a gadar Kennedy ta Yamai. Ni kuwa, tun da na kama aikin koyarwa, ranar tana tuna mini da abu biyu: ɗaliban da suka mutu suna kare haƙƙin karatu, da wani yaro da muka kora daga lise da hannunmu, wata huɗu kafin jarrabawar bak. Na daɗe ban ga alaƙar da ke tsakaninsu ba.

Bari mu soma daga tushe. A zamanin Turawa, ɗan talakan da ya yi ƙoƙari hanya guda gare shi: gwamnati ta ɗauki nauyinsa ta kai shi makarantar William Ponty a Senegal. Ta nan Bubu Hama ya bi ya zama malamin lakwal na farko ɗan ƙasar nan, ta nan Diori Hamani da Jibo Bakari suka bi. Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka ci gaba da wannan tsari. Yaron ƙauye da ya ci jarrabawa ana ba shi wurin kwana da abinci, ko kuma kuɗin tallafi in yana zaune gidan wani mariƙi a birni. Wanda ya samu bak yana da tabbacin bursi. Ga manomin Dakoro ko na Magariya, bursi ita ce gadar da ɗansa zai taka ya zama likita ko alƙali. A wannan shekara ta 1960 ne kuma aka kafa ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda ta tattara ƴan kolej da lise da jami'a.

A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, aljihun gwamnati ya ƙafe, masu ba da bashi na duniya suka gindaya sharaɗin tsuke bakin aljihu. Bursi na cikin abubuwan da aka sa ma ido. Ranar Juma'a 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibu, ɗalibai suka fito daga jami'a za su ƙetare gada zuwa cikin gari. Jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu: Isaka Kaine, Aliyo Nahanci da Abdu Maman Sagiru. Ina kolej a lokacin, kuma ina tuna yadda labarin ya iso mana, iyaye suka yi cirko-cirko a ƙofar makaranta. Jinin nan ya gaggauta babban taron ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, wanda André Salifu ya jagoranta, kuma USN na cikin manyan masu faɗa a ji a wurin. Sai karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ƙara tsananta rayuwa. Bashin bursi ya taru, yajin karatu ya zama ruwan dare, har aka yi abin da ake ce ma farar shekara, wato shekarar da ta tashi a banza.

Daga wannan tarihi ƴaƴanmu suka gaji gwaninta guda. Ɗan shekara goma sha bakwai ya iya kiran taro, ya rubuta jerin buƙatu, ya zauna da gwamna ido da ido ba ya rawar murya. Amma in shi da abokin bencinsa suka saɓa, sai dambe, sai ofishin surbeyan, sai majalisar ladabtarwa.

Ina cikin irin wannan majalisa ranar da aka kawo yara biyu na ajin ƙarshe. Ƙauyensu ɗaya, ɗaki ɗaya suke haya. Ɗaya ya fasa ma ɗaya baki a tsakar makaranta. Wanda ya yi dukan shi ne ya fi kowa lissafi a ajin. Aka tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai. Aka ce a ɗaga hannu, na ɗaga. Bayan sati guda wata ɗaliba ta tare ni ta ce: “Mushe, ai kowa ya san abin da ya haɗa su.” Ashe kuɗin hatsin da uwarsa ta aiko ne abokin ya ranta ya kasa biya, kwana uku yaron bai ci abin kirki ba, da ya yi magana kuma aka yi masa gorin talauci gaban ƴan mata. Ajin duka ya sani, mu manya shida ba mu sani ba. Shekaru bayan haka na hau babur ɗin kabu-kabu, direban ya waiwayo ya gaishe ni da sunana, ya ƙi karɓar kuɗina.

Daga baya na karanta cewa wasu ƙasashe sun fuskanci wannan matsala. A 1972 mabiya ɗariƙar Kwaka ta Kirista a birnin New York na Amurka suka soma koya ma yara hanyoyin warware rigima ba da duka ba. A farkon shekarun 1980 makarantu a San Francisco da New York suka fara horar da ɗalibai su zama masu sulhu tsakanin ƴan uwansu, kuma a 1984 aka kafa ƙungiya ta ƙasa don wannan aiki. Tsarin ba shi da wuya. Masu rigimar su yarda da kansu su zauna. Ɗalibai biyu da aka horar su saurari kowa ba katsewa, ba zagi. Masu sulhun ba sa yanke hukunci, masu rigimar ne ke fito da mafita, a rubuta su sa hannu. Abin da aka faɗa ya tsaya a ɗakin, sai fa in akwai makami ko cin zarafi, wannan na manya ne.

Da na gama karantawa sai na ga ai mun san wannan. A garuruwanmu akwai sarkin samari tun kaka da kakanni, wanda ke kashe wutar rigimar tsaransa kafin ta kai zauren mai gari. Janar Seyni Kunce, bayan ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da samariya ya ba ta aikin gayya da wasanni. Lakwal ce ta zo da tsarinta, inda kowace ƙara sai ta hau sama. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma tsara ya fi saurin buɗe ciki ga tsaransa.

Yau bursin da hukumar ANAB ke rabawa ta dogara ga sakamakon bak, da shekarun ɗalibi. Kora ko maimaita aji saboda faɗan minti biyar na iya rufe ƙofar da mutum uku suka mutu suna karewa.

Ƴan uwana malamai, a kowane aji akwai yaro ko yarinyar da ake jin maganarsu, kun san su. Ku bar ajin ya zaɓi biyu, namiji da mace, ku zauna da su yamma biyu ko uku ku nuna musu yadda ake saurare. Iyaye kuma, in an kira taron kwamitin kula da makaranta, ku nemi a rubuta a dokar cikin gida cewa ƙaramar rigima sai ta bi ta hannun masu sulhu kafin ta kai majalisar ladabtarwa. In kuma ta kai, kafin kowa ya ɗaga hannu, a kira ɗan ajin guda a tambaye shi abin da ya sani.