Idan wani a gida ya kasa barci: abin da za a duba kafin a je kemis

Rashin barcin da likitoci ke ɗauka a matsayin ciwo shi ne mutum ya samu lokaci da wurin kwanciya amma barcin ya ƙi zuwa, ko ya zo ya yanke da tsakar dare, ko ya farka tun kafin kiran sallar farko ya kasa komawa, sannan ya wuni da kasala, mantuwa da saurin fushi. Idan haka na faruwa aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, ya zama mai daɗewa. Wanda ke biyo bayan rasuwa ko asara a kasuwa yawanci yakan wuce da kansa.

Mai gadi, da mai sauke tumatir a Mile 12 tun duhun asuba, da direban tirela mai jiran lodi a Apapa, su matsalarsu ta lokaci ce. Babban mutum na buƙatar awa 7 ko fiye, kuma taimakon da gida zai yi wa irin waɗannan shi ne a duhunta ɗaki da rana, a janye yara daga ƙofa. Sauran bayanin nan na wanda ke kwance ne idonsa biyu.

A fara da abin da yake sa wa a baki. Goro, shayi, Nescafe da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, kuma bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jiki. Ke nan goron da aka ci bayan la'asar yana nan yana aiki ƙarfe tara na dare, balle shayi mai kauri a teburin mai shayi bayan isha'i. Sigari ma haka. In dattijo ne, kar a tsare shi da faɗa. "Baba, mu mayar da goron nan na safe, sati biyu kawai, mu gani" ya fi karɓuwa a kan a ce ya daina.

Sai ɗakin kansa. A gidajen haya na Agege ko Sabo ta Ibadan, zafi da sauro da ƙarar janareta kaɗai sun isa su hana lafiyayye runtsawa. Gidan sauro, wanka kafin kwanciya da buɗe taga suna ragewa. Janareta dai a waje yake zama, nesa da taga. Hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci, don haka ko tsoron ɓarawo kar ya sa a shigo da shi ɗaki ko lungun gida.

Abin da ya fi aiki, kuma ya fi wuyar bi, shi ne tsayar da lokacin tashi. Mu muna da sa'a, asuba ta riga ta tsayar mana. Inda ake ɓata lissafin shi ne tausayi: bai yi barci jiya ba, sai a bar shi ya koma bayan salla har hantsi, ya ƙara da azahar, dare ya yi ido ya bushe. A tashe shi a kan lokaci ko da daren ya yi muni, ya fita ya ga hasken rana. Ƙailula kar ta wuce rabin awa, kuma a yi ta kafin la'asar. In ya kwanta ya kai kamar minti 20 yana juyi, gara ya tashi ya zauna a haske kaɗan, ya ja carbi ko ya yi karatu, sai ya ji gyangyaɗi ya koma. Dalili kuwa, wanda ya daɗe yana fama a kan katifa, da ya hau ta sai fargaba ta taso. Shi ya sa "ka daure ka yi barci mana" ba ta taɓa taimakon kowa ba, haka ma duba agogo.

Akwai kuma waya. Mazaunin Kudu ya san lokacin da kiran gida ke shigowa: bayan isha'i, ana maganar kuɗin taki, kuɗin asibiti, ko labarin 'yan bindiga sun shiga ƙauyen kusa. Mutum ya ajiye waya ya kwana lissafi. Matar gida ko ƙani na iya roƙon 'yan uwa su riƙa kira da rana in ba gaggawa ba, a kuma ajiye wayar nesa da filo.

Yanzu batun ƙwaya, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Diazepam da ake ce wa D5, da Lexotan, da Rohypnol, suna kwantar da mutum a daren farko, amma cikin 'yan makonni jiki na iya sabawa, a koma sai an ƙara. Tsofaffi sukan yi jiri su faɗi a hanyar banɗaki. Haɗa su da tramadol, giya ko kodin (wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tarinsa a 2018) na iya tsayar da numfashi. In kuma an gano ya daɗe yana sha, kar a kwashe a zubar rana ɗaya, don yankewa farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Likita ne ke rage shi a hankali. Ga mai daɗaɗɗen rashin barci, abin da masana ke sawa a gaba shi ne horon gyara ɗabi'ar barci da tunani, wato CBT-I, ƙwaya na zuwa ne daga baya, na ɗan lokaci.

Wasu alamun ba na jira ba ne. Minshari mai ƙarfi da numfashi ke ɗaukewa sannan ya dawo da shaƙewa, musamman ga mai jiki ko mai hawan jini. Mai kwana kusa da shi ne kaɗai zai gani, don haka a faɗa. Yawan fitsarin dare, wanda kan iya zama ciwon suga ko kumburin mafitsarar maza. Wanda ya daina cin abinci da shiga mutane, ko yake cewa gara ya mutu. Wanda ya kwana uku ba barci amma yana ta surutu da ƙarfinsa. Da mai jego da ba ta runtsawa ko jariri ya yi barci, tana firgita ko maganganu. Mai maganar mutuwa da waɗannan biyun na ƙarshe a kai su a ranar, kar a bar su su kaɗai. Addu'a da tofi ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa.

Ana iya farawa da babban asibitin gwamnati mafi kusa. A Legas akwai LUTH a Idi-Araba da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, akwai Aro a Abeokuta, UCH a Ibadan, da irinsu a Benin, Enugu da Kalaba. Sunan Yaba ko Aro na tsorata mutane, alhali da yawa ganin likita kawai suke yi su koma gida. Kafin a je, a rubuta a takarda na sati biyu lokacin kwanciya, lokacin tashi da abin da ya sha, a kuma tafi da kwalin duk maganin da yake amfani da shi, har da na gargajiya.