Kindle Ko Littafin Haya?

A hutun da ya wuce 'yata ta dawo daga makaranta da wata magana, wai tana tara kuɗi za ta saya mini Kindle, na'urar nan ta karanta littattafai, don ta gaji da ganina ina murtsuke ido a kan waya har tsakar dare. Na tambayi kuɗinta, da ta faɗa sai na ga ya zarce na buhun taki biyu, ga damina ta ƙarato. Na ce, "Uwata, bari in yi tunani." Tunanin ne ya mayar da ni baya, ga yadda littafi ya riƙa zuwa hannunmu a Minjibir tun muna 'yan mata.

Iyayenmu littafin makaranta suka sani. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma daga Zariya ake buga su, daga baya a hannun kamfanin NNPC da aka kafa a 1966. Malami ne ke raba su a aji, a karanta, ya tattara abinsa.

Namu zamanin daban ne. Bayan tsarin SAP na Babangida a 1986 takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka ja baya, sai marubuta suka shiga kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Littafin siriri ne, takardarsa kamar ta jarida, an ɗinke shi da waya biyu a tsakiya, an kuma yanka labarin gida uku ko huɗu, daidai inda zuciya ta tsinke a ce a nemi na biyu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu. Mu a ƙauye ba mu ma san ana yi ba.

Abin da na sani shi ne ban taɓa sayen littafi ba sai bayan da na yi aure. Haya muke yi. Wani mai tireda a unguwarmu yana saro su daga Sabon Gari, ya jera a kwali kusa da alewa da omo, ƙanena ya kai naira biyar ya karɓo mini na kwana ɗaya. To amma wa ya ce ni kaɗai zan karanta? Kafin gari ya waye ya shiga gida uku ta kan katanga. A zauren gidanmu da daddare mai karatu ɗaya ce, masu sauraro shida, har da kishiyar babata da ba ta taɓa shiga aji ba, ita ce ma mai tsayar da ni ta ce a maimaita wurin da uwar miji ta sha kunya. Littafi ɗaya yakan ratsa hannu hamsin kafin bangonsa ya fita, in ya fita a manna shi da ƙullun fulawa a ci gaba. Ni marubuciya ce yanzu, na san hamsin ɗin nan mutum ɗaya ne ya biya ni a cikinsu, amma da ba su ba, da ban san sunan kowane marubuci ba, balle in ɗauki biro.

A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, aka tara littattafan soyayya aka ƙona su a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, sannan hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. A watan Nuwamban shekarar nan dai kamfanin Amazon ya fito da Kindle a Amurka. Sai dai ba wutar ce ta kashe kasuwar ba, ba kuma Kindle ba. Waya ce. Daga Facebook aka koma WhatsApp da Wattpad, marubuciya ta buga shafi yau, masu karatu su yi mata ca gobe, in labarin ya yi daɗi a ce sauran na kuɗi ne, a tura ta banki a saka ki a rukuni. Kwalin mai tireda ya koma na taliya.

Ba zan ƙi faɗin alherin na'urar ba, na riƙe ta wata ƙawata a Kano. Fuskarta kamar takarda take, ba ta dukan ido, ana karatu da ita a tsakar rana, caji ɗaya kuma yana kai makonni, wanda a garin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa ba ƙaramin abu ba ne. Ɗalibi mai karatun Turanci da yawa, in yana da hali, ya saya. Amma littattafan Hausa da ke shagonsu ba su taka kara sun karya ba, sayen ma sai da katin da ke biyan kuɗin waje. Labaran da nake bi suna cikin WhatsApp, sai an ɗebo su an zuba mata ɗaya bayan ɗaya. Kuma wa zai miƙa na'urar dubban nairori ta kan katanga?

Akwai kuma abin da ya fi damuna. OkadaBooks, wadda aka buɗe a 2013, marubutanmu da yawa suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Ni ma na ga nawa: littafina na fari wani ya kwafe shi tsaf ya watsa a waya da sunan wata, ya yanke babi biyu na ƙarshe. Da na tashi kafa hujja, kwafin takarda na nema, na tarar gara ta cinye na uku a cikin kwali a ƙarƙashin gado. Sai a wurin wata tsohuwar mai karatuna a Kunya na samo shi, bangonsa manne da ƙullu, da lissafin adashi a shafin baya.

Da 'yata za ta koma na ce ta bar maganar Kindle. Ta sayo mini akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ta kai littattafan nan uku a ɗauki hoton kowane shafi a ajiye a wuri biyu, ta kuma biya mini kuɗin ganin likitan ido. Ta ce, "Umma, ke dai ba kya son ci gaba." Na ce ta kula da na ukun nan, na aro ne, ranar Juma'a zan mayar.